Iska kaɗan a tafki: fiffiken hannu ko filafili, wanne zai ɗaga ka a kan foyil?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a kudancin Jamus, kusa da wani tafki da nake zuwa idan an tashi daga aiki. Na jima ina winsaf, ina shiga ɗamarar da ke rataye ni a filafili, ina sa ƙafa a maɗaurin allo, amma da bazara iskarmu ba ta cika wuce not 7 zuwa 10 ba, sai dai in zauna a bakin ruwa ina kallo. Nauyina kilo 88 ne. Ina so in koma foyil don in daina asarar waɗannan ranaku. Abokaina duk sun koma fiffiken hannu, suna cewa shi ne maganin ƙarancin iska. Wani dattijo a wurin kuma ya ce kada in rabu da filafilina. Kuɗina ba zai ishe ni duka biyun ba. Wanne ne ya fi saurin tashi idan iska ba ta da ƙarfi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka faɗi nauyinka, da irin ruwanka, da abin da hannunka ya riga ya iya, domin da waɗannan ukun ne amsar ke canzawa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna ta gardama a bakin tafki ɗaya, kowannensu kuma gaskiyar abin da ya gani yake faɗa. Abin da kake tambaya shi ne: mutum mai kilo 88, wanda ya riga ya iya winsaf, wato tuƙa allo a kan ruwa da ƙarfin iska, a tafki mai iskar da take zuwa tana ɗaukewa, da wane kaya zai fi daɗewa a sama, foyil ya ɗaga allonsa daga ruwa, a yammacin da ko farin kumfa ba a gani a kan ruwa? Amsata ita ce filafili, wato zanen iskar da ke kafe a kan allo. A wannan batu dattijon nan ya fi abokanka kusa da gaskiya. Akwai hanyar da fiffiken hannu, wato zanen iskar da ake riƙewa a hannu ba a kafa shi a allo ba, ke bi ya kamo filafili, zan kuma bayyana maka ita tare da abin da take ci.

Mu fara da lambobin da ka ba ni. Not 1 kilomita 1.85 ne a awa, kuma not 7 zuwa 10 shi ne mataki na 3 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort da ake yawan ambata a wajenku. A baki kamar iska guda ce, amma a hannu iska biyu ce. Ƙarfin da iska ke danna zane da shi yana hawa ne daidai da gudunta idan aka ninka shi a kansa: 7 sau 7, 49, 10 sau 10, 100. Ke nan iskar not 10 ta ninka ta not 7 ƙarfi. A not 11 ko 12, kusan duk wanda ya iya zai tashi da kowanne daga cikin biyun. A not 7 zuwa 9 ne ake rabuwa, kuma a nan ne yawancin yammacinka suka faɗa.

Tudun da dole a haura

Foyil fiffike ne irin na jirgin sama da aka nutsa a ruwa, a ƙarshen wata ƙafa mai tsawon santimita 75 zuwa 95 a ƙarƙashin allo. Dabarar ta tsufa, tun 1906 Enrico Forlanini ya gwada jirgi mai irin waɗannan fikafikai a tafkin Maggiore na Italiya. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan ƙaramin fiffike ya isa ya ɗauki ƙaton mutum, muddin ana tafiya da wani gudu. Kai da kayanka za ku kai kilo 105 zuwa 115. Fiffiken ruwa mai faɗin santimita murabba'i 1,500 zai fara ɗaukar wannan nauyi idan allo ya kai gudun not 7 zuwa 8, mai 900 kuwa sai an kai not 10 zuwa 11. Ka lura gudun allo nake nufi a nan, ba na iska ba. Wato a ranar da iska take not 8, dole allonka ya yi gudu daidai da iskar ko ma ya ɗara ta, alhali yana manne da ruwa yana jan kumfa.

Nan wahalar take. Kafin a tashi ruwa yana riƙe da cikin allo, kuma riƙon yana ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa. Da zarar allo ya rabu da ruwa, sai riƙon ya ragu ƙwarai, abin da ya rage a ruwa ƙafar foyil ce kawai da fikafikanta. Daga nan ƙarfi kaɗan ya isa a ci gaba da tafiya. Duk gardamar da ake yi a kan iska kaɗan, a kan waɗannan daƙiƙu biyar ko goma na haura tudu ake yin ta.

Akwai kuma iskar da gudu ke haifarwa. Wanda ya hau babur a ranar da ko ganye ba ya motsi zai ji iska tana dukan fuskarsa, shi ya ƙirƙiro ta da tafiyarsa. Haka mai foyil yake. Idan iska ta gaskiya tana zuwa masa daga gefe da not 8, shi kuma yana gudun not 16, iskar da zanensa ke ji ta kusa not 18, tana kuma zuwa daga gaba-gaba. Wanda ya fi gudu a sama shi ya fi ƙirƙiro wa kansa iska. Ka riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa wasu kayan ke da saurin tashi amma suna da saurin faɗowa.

Abin da filafili ya mallaka

Abu na farko tsawo ne. Iskar da ke dab da fuskar ruwa ta fi rauni, saboda gogar ruwa tana rage mata gudu, kuma a tafkin da bishiyoyi da tuddai suka kewaye abin ya fi tsanani. Filafili mai murabba'in mita 7.5 ko 8 yana kaiwa kusan mita 5 sama, yana tsintar iskar da fiffiken hannu ba ya kai gare ta. Na biyu, siffarsa tsayayya ce. Sandar kabon, da mariƙi mai tauri, da haƙarƙarin da ke ratsa zanen, suna riƙe masa lanƙwasarsa ko iska ta yi rauni, kuma bakinsa na gaba siriri ne. Fiffiken hannu kuwa bakinsa na gaba bututu ne mai kauri da aka hura wa iska, jikinsa kuma yana lanƙwasuwa idan an fizge shi. Idan iskar gudu ta juyo ta gaba-gaba, siririn baki ya fi yanka ta, shi ya sa mai filafili ya fi gudu kuma ya fi iya haurawa wajen da iska ke fitowa.

Na uku, wanda mutane ba su cika ambata ba, filafili yana tsaye ne a kan allo da kansa. Nauyinsa ya haura kilo 10, gaskiya ne, amma allo ne ke ɗauke da shi, kai daidaita shi kawai kake yi. Fiffike mai murabba'in mita 6 ko 7 bai fi kilo 3 zuwa 4 ba, sai dai iska ce ke ɗaukarsa, idan kuwa babu ita hannunka ne. A not 12 ba ka jin nauyinsa sam. A not 6 kana tsaye hannu a sama kana tallafe da shi, kafaɗunka suna ƙarewa tun kafin bugun iskar da kake jira ya iso.

Idan kana son ganin iyakar abin da filafili ke iya yi a kan foyil, dubi iQFoil, wato kayan winsaf na foyil da ake gasa da su. World Sailing, hukumar wasannin tuƙi da iska ta duniya, ta zaɓe shi a 2019 ya maye gurbin RS:X, tsohon allon winsaf na Olamfik, aka kuma yi gasar Olamfik ta 2024 da shi a Marseille ta Faransa. Maza sun yi amfani da filafili mai murabba'in mita 9, mata 8, a kan allo mai faɗin santimita 95, da fiffiken ruwa mai santimita murabba'i 900 kacal. Da wannan ɗan ƙaramin foyil suke tashi a iskar da mai kallo daga gaɓa zai ce babu ita. Mazan da suka yi gaba a wannan ajin a lokacin ƙatta ne, da yawansu sun kai kilo 90 ko fiye, domin nauyi da tsawo suna taimakawa wajen fizgar babban filafili. Wannan labari ne mai daɗi a gare ka: a winsaf nauyinka na iya zama ƙarfi idan filafilin ya yi daidai da kai. Amma kada ka manta cewa a wannan gasa ma an yi ta ɗage tsere saboda rashin iska, har an soke dogon tseren mata ana tsaka da yin sa da iska ta ɗauke. Ko gwanayen duniya suna da iyakar da ba sa tashi a ƙasa da ita.

Kai ba iQFoil kake buƙata ba. Na kawo shi ne don ka ga inda tsarin ke kaiwa. Abin da na saba gani a Torbole, a arewacin tafkin Garda na Italiya, da tsakar rana lokacin da iskar Ora ta fara hurawa daga kudu ba ta cika ba, shi ne masu manyan filafilai a kan foyil su ne ke fara yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Masu fiffike na kan gajerun alluna suna zaune ko suna durƙushe suna jira. Daga baya idan iska ta cika, su ne ke cika ruwan.

Hanyar da fiffike ke bi

Fiffiken hannu da ake hura wa iska ya shigo kasuwa sosai ne a 2019, duk da cewa an gwada irinsa mai sanda tun shekarun 1980. A farkon zuwansa an ɗauka maganin iska kaɗan shi ne a ƙara masa girma, sai aka ci karo da tsawon mutum. Fiffike mai murabba'in mita 6 yana kai faɗin mita 3.5 ko fiye daga kunne zuwa kunne. Idan ka karkata shi don ya ja ka gaba, kunnen ƙasa sai ya taɓa ruwa, ya maƙale, ya juyo maka da shi gaba ɗaya, gudun da ka tara kuma ya tafi. Idan ka ɗaga shi sama don kada ya taɓa, to sama yake jan ka, ba gaba ba. Kamfanoni sun yi ƙoƙari a kan wannan. F-One ta fito da Strike CWC mai ƙarin bututu biyu don a samu girma ba tare da an tsawaita kunnuwa ba, Duotone ma tana da Ventis don wannan aiki. Sun taimaka, amma daga mita 7 zuwa sama abin da ake samu na ƙarfi ana biyansa da nauyi da wuyar sarrafawa.

Ƙarfin mai fiffike na gaskiya yana ƙafarsa. Tun da babu abin da ya haɗa fiffiken da allon sai jikinsa, yana iya yin famfo biyu a lokaci guda: hannu yana fizgo fiffike yana zagaya shi, ƙafa kuma tana danna allo tana saki, har foyil ɗin kansa ya riƙa tura shi gaba. Fizgar fiffike sama tana kuma rage nauyin da ke kan allo na ɗan lokaci, abin da filafili ba ya yi da sauƙi. Ƙari a kan haka, mai fiffike yana iya hawa babban fiffiken ruwa, mai santimita murabba'i 1,400 har 1,800, saboda babu babban filafilin da zai yi masa yawa idan ya tashi. Saboda haka tudunsa ya fi gajarta, ko da yake injinsa ya fi rauni.

Babban canjin ya zo ne daga allo. Masu bin igiyar ruwa da matuƙi a Hawaii, musamman Dave Kalama, sun koma dogon allo siriri, mai tsawon kusan mita 2.3 zuwa 2.5 da faɗin santimita 50 ko ɗan sama. Irin wannan allo yana ratsa ruwa kamar kwalekwale, yana tara gudu a hankali ba tare da ya tura tarin ruwa a gabansa ba. Masu fiffike suka ɗauke shi, sai ga shi mutum da fiffike mai mita 5.5 ko 6 yana tashi a iskar da a da sai da mita 8. Idan aka haɗa shi da siririn fiffiken ruwa mai tsawon reshe, wanda ke shawagi mai nisa kafin ya sauka, gwani mai kilo 70 zuwa 75 zai tashi a not 7 ko 8, wani lokaci ma kafin mai filafili na yau da kullum. Na ga wannan da idona, kuma mai yiwuwa irinsa abokanka suka gani.

To amma dubi sharuɗɗan. Gwani ne, mara nauyi ne, kuma yana da numfashi. Famfon fiffike a iska kaɗan gudu ne na ƙure ƙarfi, daƙiƙa 15 zuwa 20 zuciya tana dukan ƙirji, idan bai yi ba sai a huta a sake. Mutum mai kilo 88 yana buƙatar allo mai girman jiki lita 115 zuwa 125 don ya tsaya a kansa babu iska, kuma allo mai faɗin santimita 52 yana birkicewa gefe da gefe, ga shi a iska kaɗan fiffiken ba ya ba ka abin dogara. Ba a fara koyo a kan irinsa. Za ka fara ne da faffaɗan allo a iskar not 13 zuwa 18, wadda tafkinka ba ya yawan bayarwa da bazara. Wannan ita ce matsalar da nake gani ga masu koyon fiffike a tafkuna masu iska kaɗan: fasahar da za ta sa su tashi a not 8 ana koyon ta ne a not 15, su kuwa ba su da not 15. Sai kakar wasa ta wuce suna kan gwiwa. Kai kuwa da ka iya jan filafili, da shiga ɗamara, da karanta bugun iska a fuskar ruwa, abu ɗaya ne sabo a gare ka idan ka tsaya a winsaf, wato daidaita tsawon tashi. Mafi yawan masu winsaf da na koya wa suna fara gajeren shawagi tun a ranakun farko.

Lafawar iska da juyi

Tashi rabin aiki ne. Iskar tafki tana zuwa ne yanki-yanki, ka ga wuri ya yi duhu da ƙananan igiyoyi, gaba kaɗan kuma ruwa ya kwanta sumul. Mai filafili da ke gudun not 16 zuwa 18 yana ratsa wurin da iska ta lafa da iskar gudunsa, yana rataye a ɗamara, har ya kai yanki na gaba. Yana kuma iya haurawa can inda ya hango iska ya same ta. Mai fiffike a kan babban foyil yana gudun not 11 zuwa 13, iskar gudunsa ba ta da yawa, kuma ya fi daɗewa a cikin lafawar. Abin da ke cetonsa shi ne ya saki fiffike ya bi bayansa, ya yi famfo da ƙafa kaɗai. Gwani yana ratsa mita 100 ko fiye a haka, sabon shiga kuwa ya sauka ke nan, sai sabon tudu.

A juyi ne fiffike ke rama. Idan ka juya ta bayan iska a not 8 kana gudun da ya fi nata, kana tsere mata ne, a tsakiyar juyin sai iskar ta ɓace ko ta bugo zanen ta baya. Da fiffike mai kilo 3 sai ka ɗaga shi sama da kai ka wuce. Da filafili mai mita 7.5 dole ka juya shi da hannu a daidai lokaci, babu iskar da za ta taya ka, kana kuma canza ƙafa a kan allo mai faɗi. Kammala juyi ba tare da an taɓa ruwa ba yana ɗaukar mai winsaf lokaci mai tsawo fiye da mai fiffike. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai idan ka taɓa ruwa da gudu, allo mai faɗi yakan dawo da kai sama da fizga biyu ko uku.

Idan iska ta mutu kana tsakiyar tafki

Wannan ya fi damuna fiye da batun wa ya fara tashi, saboda iskar yamma a tafki takan ɗauke ne gaba ɗaya idan rana ta yi ƙasa. Mai winsaf yana da allo mai lita 135 zuwa 150, yana tsaye daram, ƙafar foyil tana hana shi zamewa gefe, ko a not 3 zai lallaɓa ya koma inda ya fito. Abin da zai dame shi kawai jan babban filafili daga ruwa da igiya, don haka ka ja da ƙafa da miƙaƙƙen baya. Mai fiffike a not 3 ba ya iya riƙe fiffiken a sama na dogon lokaci, kuma ba ya haurawa. Ƙarshenta kwanciya yake a kan allo ya yi tuƙi da hannu, fiffike yana jan igiya a baya. A ruwan sanyi, da magariba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko da wanne ka fita, kada ka yi nisan da ba za ka iya dawowa da hannu ba, ka sa hular kwano da rigar kariya, domin bakin foyil yana yanka, kuma ka tabbatar tafkinku ya halatta foyil a inda kake shiga.

Wani ƙaramin abu da ke rage maka ƙarfi: tafkunan kudancin Jamus suna kan tudu, tafkin Ammersee ya haura mita 500 daga matakin teku, kuma a wannan tsawo iska ta fi sauƙi da kusan kashi 5 cikin 100. Zafin digiri 30 yana ƙara rage kusan wani kashi 5 idan aka gwada da digiri 15. Ruwan daɗi ma bai kai na gishiri ɗaukar kaya ba, bambancin kashi 2.5 ne. Idan ka ji wani a bakin teku yana cewa ya tashi a not 8, ka ƙara masa not ɗaya kafin ka gwada da tafkinka. Ga kuma ciyawar ruwa da ke yawa a ƙarshen bazara, ɗan zare ɗaya a ƙafar foyil ya isa ya hana tashi.

Abin da zan saya da ni ne kai

Allon winsaf na foyil mai faɗin santimita 81 zuwa 91 da lita 135 zuwa 150. Faɗin shi ke ba ka ikon danne foyil idan ka ɗora babban filafili. Foyil mai fiffiken gaba 1,000 zuwa 1,100, da doguwar ganga, wato ƙarfen kwance da ke haɗa fiffiken gaba da na baya, santimita 100 zuwa 115, domin doguwar ganga tana sa tashi da sauka su zo a hankali, ƙafar kuma 85 ko sama. Filafili mai mita 7 zuwa 7.5. Idan kana da irinsa a gida, fara da shi, ka sassauta ɗaurin baya kaɗan don cikinsa ya yi zurfi, ka ɗaga mariƙi sama da yadda ka saba, ka matso da gindin sanda baya kaɗan. Daga baya ka nemi wanda aka ɗinka don foyil, mai tsawo da gajeren mariƙi. Da wannan kaya, idan famfonka ya nuna, ina sa ran za ka riƙa tashi a bugun not 9, ka kuma zauna a sama ko ta sauko zuwa 7. A not 7 tsantsa, babu bugu, za ka yi ta jira ne, sai dai ka koma mita 8.5 ko 9 da allo mai faɗin 91 zuwa 95, wanda ban ba ka shawarar farawa da shi ba.

Kada ka ɗaura foyil a tsohon allonka sai ka tabbatar ramin da ake sa shi an ƙarfafa shi don haka, domin ƙarfin da ƙafa mai santimita 85 ke murɗawa da shi ya fi na ƙaramin fin, wato wutsiyar da ke ƙarƙashin allon winsaf na yau da kullum, nesa ba kusa ba, kuma yana iya fasa ramin. Ka sa wa hancin allo kariya, saboda a farkon koyo foyil zai fito waje ya sake ka, sanda kuma ta faɗa a kan hanci. Kayan hannu na biyu sun yi yawa a kasuwa yanzu, tun da mutane da dama sun sayar da nasu sun koma fiffike, wannan kuma zai yi wa aljihunka daɗi.

A famfo, kuskuren da masu zuwa daga winsaf suka fi yi shi ne danna ƙafar baya gefe kamar yadda suka saba da fin. Ka sa ƙafar gaba a maɗauri tun da wuri, ka ɗan sauka bayan iska, ka yi fizga mai tsawo daga kafaɗa da ƙugu, sandar tana tsaye, ka bari allo ya yi gudu tukuna kafin ka nemi tashi. Wanda ya ɗaga hanci da wuri yana kashe gudun da ya sha wuya ya tara. Kada kuma ka yi famfo a wurin da ruwa ya kwanta, ka jira duhun iska ya kusa iso ka.

Akwai dalilan da za su sa in canza maka amsa. Idan bayanka ba ya son jan filafili, ko ba ka da wurin ajiye sanda da faffaɗan allo a gidan haya, ko motarka ƙarama ce, fiffike yana shiga jakar goyo kuma ana haɗa shi da sauri. Haka idan kana zuwa teku akai-akai kana sha'awar bin igiyar ruwa, domin a nan fiffike ya yi wa filafili nisa. Idan ka bi wannan hanya, ka ware mako ɗaya ko biyu a wurin da iska ke da tabbas, kamar Garda ko Dahab ta Masar, ka koyi tushen a can. Idan ka dawo, ka zuba kuɗin a dogon allo da foyil mai kyau kafin ka yi tunanin fiffike mai mita 8. Ka kuma sani ko dogon allon nan yana son kan mota.

Shawarata tana da iyaka. Lambobin iska da na ba ka daga abin da na saba gani ne, kuma na'urar da ke bakin gaɓa sau da yawa ba ta faɗin abin da ke tsakiyar ruwa, bambancin not 2 abu ne na kullum. Ni ma ban kai ka nauyi ba, don haka abin da na faɗa game da mai kilo 88 daga ɗalibai da abokan fita na samo shi. Abin da zai fi maganata amfani shi ne ka je tafkinku a yamma biyu ko uku masu irin iskar da ke hana ka fita, ka nemi mutanen da suka yi kusa da kai a jiki, ka duba agogo ka ga minti nawa kowannensu ke yi a sama cikin rabin awa, sannan ka tambaye su girman allo da foyil da suke kai. Idan dattijon nan yana da kayan foyil, roƙe shi ya ara maka na awa ɗaya a ranar da iska ta kai not 11 ko 12, da filafilin da bai wuce mita 6 ba.